WUTAR BAKIN KOGIN GANGA: ABIN DA MUKE KALLO BA MU TAMBAYA BA

  

'Yan'uwana mata, akwai wani abu da na tabbata babu wadda ba ta taɓa gani ba a cikinmu, in dai tana kallon fim ɗin Indiya. Za ki ga uwar yaron fim ta fito da faranti a hannu, an ɗora wata 'yar fitila kamar aci-balbal tana ci, ga fure ga jan gari a gefe, sai ta riƙa juya farantin a gaban fuskar ɗanta ko amaryar da aka kawo mata, sannan ta dangwali jan garin nan ta ɗiga mashi a goshi. Wani lokacin kuma a gaban gunki za ki ga ana juya shi, ana kaɗa ƙararrawa ana waƙa. Mun ga wannan ya fi sau shurin masaƙi, mun gani muna tsince shinkafa, mun gani muna yi wa yara kitso, amma wace ce ta taɓa tsayawa ta tambayi sunan abin, da mafarinsa, da wanda ake yi dominsa? Sunansa arti, kuma ibada ce a addinin Hindu. Allah Ya nufe ni da ganin babbansa da idona a bakin kogin Ganga, na kuma yi tambaya na yi karatu a kai, shi ya sa na ga ya dace in ba ku tarihin, don matambayi ba ya ɓata.

YADDA INDIYA TA SHIGO ƊAKUNANMU

Kafin mu je can, bari mu fara da gida. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, daga baya wasu suka biyo, irin su Palace da Plaza da Eldorado. Kwarori 'yan Labanan su ne masu kawo finafinai, kuma tun a shekarun 1950 suka gane cewa Bahaushe ya fi son na Indiya a kan na Amurka. Dalili a fili yake. A fim ɗin Indiya ana ganin kunya, ana ganin biyayya ga iyaye, ana ganin auren dole da uwar miji da talaka mai son ɗiyar mai kuɗi, duk abubuwan da muka sani a gidajenmu. Fim ɗin nan Mother India na 1957 an yi shekaru ana maimaita shi a Kano ba a gaji ba. Iyayenmu maza har laƙabi suka sa wa 'yan wasan, kamar Dharmendra da suke ce wa Sarkin Ƙarfi.

A wancan zamani mace mai mutunci ba ta zuwa silima, saboda haka sai da talabijin ta zo, sannan kaset ɗin bidiyo ya biyo baya, Indiya ta samu hanyar shigowa har ƙuryar ɗaki. Mu da muka tashi a Kurfi da Dutsin-Ma mun san gidan da ke da bidiyo da janareto yadda yake cika da yara da matan maƙwabta bayan Isha'i. Daga nan abin ya bazu ko'ina. 'Yan bandiri a Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka mayar da su yabon Annabi. Mu marubuta littattafan soyayya aka yi ta zarginmu a shekarun 1990 da cewa Indiya muke kwaikwayo. Finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990 su ma daga baya rawa da waƙar Indiya suka runguma. Sannan aka zo zamanin fassara, inda za ki ji Ba'indiye yana zuba Hausa kamar haifaffen Fagge. Kin ga ke nan shekara kusan saba'in muna tare da mutanen nan, mun san tufafinsu da kukansu da dariyarsu, amma addininsu da ke cikin kowane fim ba mu san shi ba.

ABIN DA NA GANI

Ni jinya ce ta kai ni. Na raka Yayata wani asibiti a Delhi, da Allah Ya ba ta sauƙi likita ya ce mu jira mako biyu kafin a sake duba ta. Tafintan da ke taimaka mana Musulmi ne mutumin Banaras, garin da tun 1956 ake rubuta sunansa Varanasi a hukumance, sai ya gayyace mu da mijin Yaya mu je mu ga iyalinsa. Kwana muka yi a jirgin ƙasa. Gidansu yana unguwar Madanpura, unguwar masaƙa Musulmi, inda tun safe ba ki jin komai sai ƙarar masaƙa.

Ran nan da muka idar da sallar Magariba sai matarsa ta ce mu zo mu ga abin da baƙi ke zuwa gani daga ko'ina a duniya. Muka bi wasu lunguna matsattsu, ga shanu suna yawo ba mai ce masu kanzil, har muka ɓullo bakin kogi. Garin gaba ɗaya a gefe guda na ruwan yake, kuma an gina matakalu na dutse suna gangarawa har cikin ruwa. Kowace matakala sunanta gat, sun fi 80, kuma wadda muka je ita ce Dashashwamedh. Muka shiga kwalekwale aka ɗan tura mu cikin ruwa, muka tsaya cikin ɗaruruwan kwalekwale, kowa ya fuskanci tudu.

Samari bakwai ne suka hau wasu dandamali a jere, duk shigarsu iri ɗaya ta siliki. Suka fara da busa wata ƙatuwar katantanwar teku mai amo kamar ƙaho. Sai ƙararrawa ta ɗauka ba tsayawa. Kowannensu ƙararrawa a hannun hagu, hannun dama kuma yana canza kaya. Da farko turaren tsinke, sai kaskon turaren wuta mai tuƙuƙin hayaƙi, sai wata fitilar tagulla mai hawa-hawa kamar an jera aci-balbal da yawa an yi dala da su, kowace da lagwaninta yana ci. Sai wata mai siffar kan maciji da ake ƙona kafur a ciki, harshen wutar yana tashi sama. Kowane abu sai sun juya shi sun fuskanci gabas da yamma, kudu da arewa, hannuwansu na tafiya tare kamar mutum ɗaya. A ƙarshe suka yi fifita da gashin ɗawisu da wata farar izga, suka watsa fure. Duk abin bai kai awa guda ba.

Da aka gama sai aka riƙa zagayawa da wutar cikin jama'a, kowa ya kara tafin hannunsa a kanta ya shafa a fuska da ka. Yara kuma suna tsallake kwalekwale suna tallar wani ɗan ƙoƙo na ganye da fure da 'yar fitila a ciki, mutum ya saya ya kunna ya saki a ruwa ya roƙi buƙatarsa. Wata yarinya ta miƙo mani. Matar tafintan ta ce da ni, "Hajiya, mu kallo kawai muke yi, ba mu taɓawa." Na ce ai nima haka ne, na girgiza wa yarinyar kai na yi mata murmushi, ita ma ta yi mani ta wuce. Ba wanda ya harare mu, mu ma ba mu harari kowa ba.

Ba zan ɓoye maku ba, abin yana da kyan gani. Wuta a kan ruwa cikin dare, ga ƙamshi ga amo, dole ido ya tsaya. To a nan ne fa hankali ke da aiki, domin kyan abu daban, halaccinsa a wurinki daban.

TARIHIN ABIN

Kogin Ganga daga ƙanƙarar duwatsun Himalaya yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita wajen 2,500 kafin ya faɗa teku ta Bangaladash da gabashin Indiya. Miliyoyin mutane da shi suke sha suke noma. Mabiya Hindu ba su ɗauke shi ruwa kawai ba, a wurinsu abar bauta ce mace, Uwa Ganga suke ce mata. A labarinsu daga sama ta sauko saboda roƙon wani sarki Bhagiratha, sai abin bautarsu Shiva ya tare ta da gashin kansa don kada ƙarfinta ya farfasa ƙasa. Sun yi imani wanka a cikinta yana wanke zunubi, wanda kuma ya mutu a Banaras aka ƙona shi aka zuba tokarsa a ruwan ya huta da sake dawowa duniya. Shi ya sa a matakalar Manikarnika, ba nisa da inda muka tsaya, wutar ƙona gawa ba ta mutuwa dare da rana.

Ita ma wutar abar bauta ce a wurinsu, sunanta Agni, kuma da yabonta aka buɗe Rigveda, littafinsu mafi daɗewa, wanda ya haura shekara 3,000. Suna ɗaukar ta manzo tsakaninsu da abubuwan bautarsu, kuma shaida. Wannan zagaya wuta da kike gani ango da amarya suna yi an ɗaure gefen tufafinsu, ba ado ba ne, shi ne ɗaurin auren. Har dokar auren Hindu ta 1955 ta ce in ana yin aure bisa wannan al'ada, da taku na bakwai a gaban wuta aure yake tabbata. Wato abin da waliyyi da shaidu da sadaki suke a wurinmu, shi wutar nan take tsaya masu.

Akwai kuma wani tarihi mai ɗaci tsakanin wuta da matan Indiya. A da, a wasu yankuna da wasu gidaje, in miji ya mutu akan ƙona matarsa da ranta tare da gawarsa, abin da suke kira sati. Wani malaminsu mai suna Ram Mohan Roy, shi kansa Bahinde, ya tashi tsaye yana yaƙar al'adar har gwamnatin Turawan Ingila ta haramta ta a 1829. Kafin wannan lokaci an yi wata mace, Ahilyabai Holkar, da mijinta ya mutu a yaƙi a 1754. An ce ta yi niyyar bin sa cikin wuta, surukinta ya hana ta. Wannan matar da aka tsamo daga bakin wuta ita ta zo ta mulki ƙasar Malwa daga 1767 zuwa 1795, ta gina rijiyoyi da hanyoyi da masaukan baƙi, kuma ita ta gina babban ɗakin bautar Banaras na yanzu a wajen 1780. Da an bar ta ta ƙone, duk wannan aiki da ya bi ta cikin toka.

Musulmi kuma ba baƙi ba ne a garin. Sun fi kashi ɗaya cikin huɗu na mutanensa, kuma mafi yawan masu saƙa sarin siliki na Banaras, wanda amaren Hindu ke alfahari da shi ranar aure, Musulmi ne. Shahararren mai busa algaitarsu da ake kira shehnai, Ustaz Bismillah Khan, wanda ya yi busa a Delhi lokacin samun 'yancin Indiya a 1947 ya kuma rasu a 2006, a garin ya yi rayuwarsa. Sai dai zaman ba kullum yake lafiya ba. A 1669 Sarki Aurangzeb ya sa aka rushe tsohon ɗakin bautar garin, aka gina masallacin Gyanvapi a wurin, kuma tun 1991 aka kai maganar kotu, aka yi ta jan ta shekara da shekaru. Abin da sarki ya yi da ƙarfin mulki, talakawa ne ke kwana da fargabarsa bayan shekara ɗari uku.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan. Juya fitila a gaban abin bauta tsohon abu ne a wurinsu, garin ma yana cikin tsofaffin garuruwan duniya. Sai dai wannan gagarumin taro na kowane dare, da samari a jere da lasifika da fitilun lantarki, a shekarun 1990 wasu ƙungiyoyin garin suka tsara shi. Wato sa'an littattafanmu na soyayya ne! Baƙo in ya gani sai ya rantse tun zamanin kaka da kakanni haka ake yi. Wannan ya sa na tuna bukukuwanmu. Yau in kin ce ba za ki yi wa ɗiyarki ranar ƙauyawa ko dina ko ranar shigar Indiya ba, sai a ce kin karya al'ada, alhali kakarki ba ta san su ba, kamu da sa lalle da buɗar kai ta sani. Al'ada mutane ke ƙirƙirar ta, kuma abin da mutum ya ƙirƙira mutum na iya ajiye shi.

Sai maganar ruwan kansa. Da gari ya waye muka koma bakin kogin, na ga abin da duhu ya rufe: leda, ruɓaɓɓen fure, da bakin magudanar ƙazanta. Garuruwan da ke gaɓarsa suna zuba masa najasa, majemun fata na Kanpur suna zuba masa guba. Su kansu sun sani, har Raj Kapoor ya yi fim a 1985 mai suna Ram Teri Ganga Maili, wanda sunansa ke nuna Ganga ta ƙazantu. A 1986 Firayim Minista Rajiv Gandhi ya ƙaddamar da shirin tsabtace kogin a nan Banaras, a 2014 gwamnati ta sake fito da wani shirin mai suna Namami Gange. Ana kiran ruwa uwa da dare, da safe a zuba masa shara.

MU MA MUNA DA NAMU TARIHIN

To kafin wata ta taɓe baki ta ce Allah wadaran masu bautar ruwa, ta tsaya ta waiwayi bayanta. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da ke zaune a kan Dala, da abin bautarsu Tsumburbura. Jama'a kan taru a gindin dutsen da yamma da baƙin kare da baƙin bunsuru da baƙar kaza, in duhu ya yi sai ya fito da makaɗa. Akwai kuma kurmin Jakara mai baƙin ruwa da suke tsoro suke girmamawa. A Daura mun san labarin rijiyar Kusugu, inda maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. A Argungu, bikin kamun kifin da ya shahara tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ya samo tushe daga tsofaffin al'adun Kabawa na gyaran ruwa. Nan ƙasar Katsina ma kakanninmu sun yi yanka a gindin tsamiya da kuka da kan duwatsu, sun yi girka sun yi bori.

Ba dare ɗaya aka bar wannan ba. Wangarawa sun kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Katsina ta samu Muhammadu Korau a ƙarni na 15, aka gina Gobarau, malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani suka yi zamaninsu, amma duk da haka bori bai bar ɗakunan mata ba. Dalili kuwa an bar mata cikin jahilci, abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta faɗa a kai. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta gano maganin. Ba ta aika a doki kowa ba. Ta zaɓi dattawan mata daga ƙauyuka ta naɗa su jaji, ta ba su malfa irin wadda Innar Gobir shugabar bori ke sawa, ta koya masu karatu cikin waƙa, su kuma suka koma suka koya wa 'yan'uwansu, aka kira su 'yan taru. Da ilmi aka raba iyayenmu da tsafi, ba da zagi ba.

ABIN DA NAKE SO MU ƊAUKA

Na farko, ki san abin da ke shiga gidanki. Ban ce ki fasa talabijin ba, na san ba za ki fasa ba, nima ina kallo. Amma a cikin waƙoƙin finafinan nan akwai na soyayya, akwai kuma na bauta tsantsa, kuma yaro ba ya bambancewa, abin da kunnensa ya ji bakinsa ke maimaitawa. In kika ga an nuno gunki, ko faranti mai wuta, ko an haɗa tafin hannu an sunkuya, to ki gaya wa ɗiyarki cewa wannan sallarsu ce, mu ga tamu. Kada a yi wasan amarya a tsakar gidanki ana zagaya murhu kina dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, sanin nan kada ya zama dalilin zagi. Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Likitocin da ke duba 'yan'uwanmu a can da yawansu masu juya fitilar nan ne, haka malaman Indiya da suka koyar da iyayenmu lissafi da kimiyya a makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. Ki riƙe addininki da kyau, ki kuma riƙe bakinki.

Na uku, ruwa. Mu ba mu bauta wa kogi, mun dai ce tsabta cikon addini ce, to ina shaidar? Jakarar da kakannin Kanawa ke tsoro ta zama kwatar birni, majemun Kano kuma sun daɗe suna zuba dattinsu a kogin Challawa kamar yadda na Kanpur ke yi wa Ganga. Mu nan ga madatsar ruwa ta Zobe da aka gama a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, amma kududdufin bayan gidajenmu ya cika da leda da kashin yara, kuma da damina duk rijiya yake komawa. A 2021 amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wa ke zubar da shara? Wa ke wanke fo? Wa ke rufe randa? Mu ne. Laifin wani ba ya wanke namu, gwano ne dai ba ya jin warin jikinsa.

Mu kuma masu rubutu, nauyinmu ya fi na kowa, domin abin da muka sa a takarda yana shiga ɗakin da mu kanmu ba za mu taɓa shiga ba. In za mu ara daga Indiya mu san abin da muka aro, mu tace shi kamar yadda ake tace gasara, mu ɗauki mai kyau mu zubar da dusa.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibitocin nesa lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.

Taku har kullum, 'yar'uwarku daga Kurfi.